Karɓar kai

Karɓar kai, a ilimin halayyar ɗan Adam, shi ne mutum ya san halinsa ciki da waje, mai kyau da maras kyau, ya kuma zauna lafiya da abin da ya sani ba tare da ya tsani kansa ba. Wanda ya samu wannan hali yana iya cewa "na yi kuskure" ya tsaya nan, ba sai ya ɗora da "ba ni da amfani" ba.

Ana yawan rikita shi da ganin ƙimar kai, alhali sun sha bamban. Ganin ƙimar kai hukunci ne da mutum ke yanke wa kansa. Yakan hau idan an ci jarrabawa ko an samu ƙarin girma a wurin aiki, ya sauka idan an sha kaye. Albert Ellis (1913–2007), Ba'amurken da ya kafa wani tsarin jinyar tunani a 1955, bai yarda da wannan awon ba ko kaɗan. A ganinsa aiki ake aunawa, a ce wannan ya yi kyau, wancan bai yi ba. Shi kuwa mutum tarin halaye ne da ayyuka masu sauyawa kullum, babu sikelin da zai ɗauke shi baki ɗayansa.

Carl Rogers (1902–1987), shi ma masanin halayyar ɗan Adam ne Ba'amurke, ya bi abin ta tushensa. Ya lura cewa yaron da ba ya ganin fara'ar manya sai ya yi abin da suke so yakan girma yana ɓoye wani ɓangare na kansa, har ya manta da shi. Don haka ya nemi mai ba da shawara ya karɓi wanda ya zo wurinsa ba tare da gindaya sharaɗi ba. Abin mamaki, in ji fahimtarsa, sai mutum ya daina faɗa da kansa sannan yake samun ƙarfin gyarawa. Wannan ita ce amsar da ake ba masu zargin cewa karɓar kai lasisin lalaci ne, zargin da ba a rasa shi da ɗan dalili idan an fahimci batun a baibai.

A 1989 masaniyar halayyar ɗan Adam Carol Ryff ta sa karɓar kai cikin ginshiƙai 6 na walwalar zuciya, tare da kyakkyawar mu'amala da mutane, cin gashin kai, iya sarrafa al'amuran rayuwa, samun manufa da ci gaban mutum a karan kansa.

Hanyoyin koyonsa ba su da wuyar faɗa. Ellis ya koyar da farautar kalmar "dole" a cikin tunani, irin su "dole kowa ya so ni", a tambaye ta hujja. Wata masaniyar kuma, Kristin Neff, wadda ta fara wallafa bincikenta kan tausaya wa kai a 2003, ta ƙara da cewa mutum ya yi wa kansa magana yadda zai yi wa amininsa da ya shiga matsala, ya tuna cewa ba shi kaɗai ne ke tuntuɓe ba, ya kuma kalli damuwarsa ba tare da ya danne ta ko ya zuzuta ta ba.