Idan Hatsi Ya Ƙare a Gida, Wace Ƙofa Za a Fara Ƙwanƙwasawa?

Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da na rumbu ya ƙare kuma na gona bai nuna ba, asibitocin unguwanni a Jihar Kano kan cika da yaran da suka rame. Mu da ke aikin awon yara a asibiti mun san iyaye da yawa sun daɗe suna zaman jiran rabon shinkafa kafin su iso wurinmu. Rabon nan kuwa ba shi da rana. Tallafin da ke tafiya kan ƙa'ida, wanda ba sai kin san wani ba, daga asibitin unguwa yake farawa, musamman ga gidan da ke da yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5.

Uwa, ki kawo shi a auna damtsensa da abin awon nan mai launi uku. Kore lafiya lau. Rawaya gargaɗi ne. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kuma ƙafafunsa biyu sun kumbura har in an danna yatsa wurin ya lotsa, to tamowa mai tsanani ce. Kumburin nan shi ya fi yaudarar mutane, domin sai a ɗauka ƙiba ce, alhali yaron yana cikin haɗari.

A cibiyoyin kula da tamowa ana ba irin wannan yaro abincin nan na leda, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Kyauta ne. Za a fara gwada shi a gabanki a ga ko zai ci. In ya ci, a ba ki na mako guda, ki dawo a sake awo, haka har wata ɗaya da rabi ko biyu. In ya ƙi ci, ko yana amai da zazzaɓi mai zafi, kwanciya za a ba shi. Ba kowane asibiti ke da cibiyar ba, amma ma'aikacin da ya auna shi zai tura ki inda take.

Ina roƙon iyaye a kan abu ɗaya. Na san zafin zuciyar uwa idan yara huɗu suka zuba mata ido tana ba ɗaya. Amma ledar nan magani ce da aka lissafa daidai nauyin mara lafiyar. Idan aka raba ta, ko aka kai kasuwa don a sayo masara, yaron ba zai tashi ba, sauran ma ba za su ƙoshi ba. Maigida, wannan magana har da kai.

Ga sauran mutanen gida kuma, akwai rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda NASSCO, ofishin gwamnatin tarayya mai tsara tallafin mabuƙata, ke kula da ita tare da reshensa na jiha. Daga cikinta ake zaɓo gidajen da ake tura wa kuɗi, kamar shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 na Naira 25,000 a wata har sau uku. Ba a shiga ta da takardar ɗan siyasa. Jama'ar unguwa ake tarawa, maza daban, mata daban, matasa daban, su fitar da gidajen da suka fi buƙata, sannan ma'aikata su bi gida gida. Don haka ku tambayi mai unguwa ko dagaci ko an yi aikin a yankinku, ku kuma tanadi lambar NIN tun yanzu, domin rashinta na hana kuɗin fitowa. Shiga rajista ba alkawarin samun kuɗi gobe ba ne. Kuma ba a biyan ko sisi. Duk saƙon WhatsApp da ya nemi BVN ko lambar sirrin katinku da sunan tallafi, damfara ce.

Wanda ambaliya ko gobara ta cinye masa abinci, ya sanar da mai unguwa da wuri a kai rahoto ƙaramar hukuma, don sunansa ya shiga lissafin hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA.

Sai zakka, wadda mutane ke jin nauyin nema ba gaira ba dalili. Haƙƙin mabuƙaci ce da Allah Ya ambata a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi, ga limaman unguwa da suka san manoman da ke fitar da zakkar hatsi lokacin kaka. Uwar marayu da tsohon da ba shi da mai ɗaukar nauyinsa su bari liman ya san halin da suke ciki tun kafin girbi.

Idan kuma aka yi shelar rabo a fili, a yi hattara da turmutsitsi. A watan Disamban 2024 an rasa rayuka da dama a wuraren rabo a Ibadan da Abuja da Okija, cikinsu har da ƙananan yara. Mai ciki da mai goyo kada su shiga cunkoso, a tura wani mai ƙarfi daga gidan. In ba a ga layi da masu tsara shi ba, a koma gida.