Masu ƙarfe a jijiyar zuciya, dan Allah kar ku yi wasa da magani

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar sitent zan yi, 'yar siririyar ragar ƙarfen nan da likita ke zurawa ta jijiyar hannu ko ta matsematsi har ta kai inda kitse ya tsuke jijiyar da ke ba zuciya jini, a hura balan-balan a buɗe ta, ta zauna nan ta tokare hanyar.

Da can ƙarfen zalla ake sawa, tun 1986 da aka fara a Faransa. To jiki yana ɗaukar wajen kamar rauni ne, sai nama ya dinga tsirowa ta ciki, kafin shekara hanyar ta sake tsukewa a wajen mutum 20 zuwa 30 cikin 100. Shi ya sa aka kawo wanda aka shafe da magani irin su sirolimus, yana tsatsafowa a hankali yana hana naman nan girma, Amurka ta amince da na farko a 2003. Gaskiya an samu sauƙi sosai, sake tsukewar ta sauko ƙasa da 10 cikin 100. Wani babban bincike na Norway mai suna NORSTENT da ya fito a 2016, mutum sama da 9,000, ya nuna masu na maganin ba su cika komawa a sake musu aiki ba, amma wajen mutuwa ko bugun zuciya kusan kunnen doki aka yi.

Ga inda gizo ke saƙar. Maganin da ke hana nama tsirowa shi ne kuma ke jinkirta warkewar wajen, ƙarfen ya daɗe a fili jini na gogarsa, in jini ya daskare a kai hanyar rufewa take yi gaba ɗaya lokaci guda, bugun zuciya kenan, wani ko asibiti ba ya kaiwa. Na zamanin nan masu maganin everolimus ko zotarolimus sun fi siriri, haɗarin ya ragu, amma bai tafi ba. Dalilin da ake haɗa maka ƙwayoyin hana jini daskarewa, wato asfirin da clopidogrel ko ticagrelor kenan, yawanci wata 6, in bayan bugun zuciya aka sa kuma wajen wata 12, likitanka ne zai yanke.

Abin da ke damuna, mutum ya ji ƙirji ya daina ciwo, yana hawa bene ba haki, sai ya ce ai na warke ya watsar da ƙwayoyin. Ko za a cire masa haƙori wani ya ce dakatar da su tukunna, ba a tuntuɓi likitan zuciyar ba. Kar ka yarda wallahi. In ka ga dasashi na jini, ko haɓo, ko bayan gida ya koma baƙi, je a duba ka, amma kar ka tsayar da maganin da kanka.

Kuma fa sitent wuri ɗaya ya gyara, sauran jijiyoyin na nan da kitsensu, don haka maganin kolestarol, na hawan jini, na suga duk suna nan daram, sigari kuma a yi sallama da ita. In ciwon ƙirji ya dawo ya wuce 'yan mintuna, da zufa ko numfashi sama-sama, kar a ce bari gari ya waye, a nufi asibiti a take, a gaya musu akwai sitent da ranar da aka sa.