"Me ya kai ta ɗakinsa?" Tambayar da ke sa ɗalibai mata yin shiru

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka mai fyaɗe wani baƙo ne da ke laɓewa a bayan hostel cikin duhu. Ana samun irinsa, amma galibi wanda ke aikata abin sananne ne ga yarinyar: ɗan ajinsu, saurayinta, ko malamin da makinta ke hannunsa. Shi ya sa da zarar magana ta fito sai ka ji ana cewa, "To me ya kai ta ofishinsa?" Kamar shiga ofis domin gyaran furojet na nufin ta yarda a taɓa ta.

Doka ba ta ɗauke shi haka ba. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar Najeriya da ta haramta cin zarafin mutane, wadda jihohi da dama suka amince da ita, ta ce amincewar da aka samu da barazana ko tsoratarwa ba amincewa ba ce, kuma namiji ma ana iya yi masa fyaɗe. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 bayan hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da rashawa ta gurfanar da shi. Ɗalibar ce ta naɗi muryarsa a waya yana neman lalata da ita domin ya ba ta maki.

Wannan tambaya ta "me ya kai ta", a ganina, ita ke cinye kwanakin da suka fi muhimmanci. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 da faruwar fyaɗen. Wadda abin ya faru da ita ta je asibiti kafin ta yi wanka in zai yiwu, ta adana tufafin da saƙonnin waya, ko da ba ta yanke shawarar kai ƙara ba tukuna.