Tambayoyin da na gaji da amsawa a kan tekwando

Na daɗe ina koyar da tekwando a nan Zariya, kuma tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Ga amsoshin a rubuce. Duk wanda ya sake tare ni a bakin masallaci, nan zan turo shi.

Koci, ba shi ne kareti ba?

A'a. Kareti da judo na Japan ne, tekwando na Koriya. Mu da ƙafa muka fi aiki.

Wata nawa zan yi in samu baƙin bel?

Wata? Shekaru dai. Wanda ya ce zai ɗaura maka shi cikin wata shida tela ne, ba koci ba. Takardar shaidar da duniya ta yarda da ita daga Kukkiwon, babbar cibiyar tekwando ta duniya, take fitowa, a birnin Seoul. Ka nemi kocinka ya nuna maka tasa kafin ka biya ko sisi.

Sai an sha wani magani ko an ɗaura laya?

Sai an sha gudun asuba. Tambaya ta gaba.

'Yata ta nace tana so. Da hijabi ake yi?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Hedaya Malak ta Masar da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular kariya ta ci tagulla a Olamfik na Rio a 2016, ta sake ci a Tokyo. Kayan wasan ma dogon wando ne da riga mai dogon hannu, kuma a gasa mace da mace take karawa. Ki zo da ƙafarki ki ga wurin atisayen, ki zauna har a tashi. Na fi son uwar da ta zo ta sa ido a kan wadda ta turo yarinya da ɗan acaɓa.

Wai akwai ɗan ƙasar nan da ya taɓa kai wani matsayi?

Wannan tambayar tana ɓata min rai, domin mai yin ta ya san sunan mai tsaron gidan Chelsea na uku. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijing a 2008. Elizabeth Anyanacho ta wakilce mu a Tokyo da Paris. Ga maƙwabcinmu na Nijar, Issoufou Alfaga, azurfa a Rio, sannan zakaran duniya a 2017. Ba daga sama suka faɗo ba.

Shekarata 19, na gama sakandare. In ajiye karatu da shagon babana in rungumi wasan gaba ɗaya?

To, nan ne ba ni da amsa guda. Ya danganta, kuma ina nufin ya danganta.

Da farko, yaushe ka fara? In tun kana ɗan shekara tara kake bugun fad, wato matashin da ake shura a atisaye, har ka ci wani abu a gasar jiha, muna da abin tattaunawa. In bana ka fara, ba na ce ba zai yiwu ba, Allah ke bayarwa, amma waɗanda za ka tarar a gaba sun riga ka da shekara goma.

Sannan ka dubi ƙofar da kake son shiga. A Olamfik aji huɗu ne kawai na maza: ƙasa da kilo 58, 68, 80, sai sama da 80. Kafin can sai ka shiga tawagar jihar Kaduna, ka fita gasar wasanni ta ƙasa, a kira ka sansanin 'yan wasan Najeriya, sannan ka fara tara maki a gasannin waje. Makin nan da jirgi ake nemansa: fasfo, biza, masauki, kuɗin rajista. Sau da yawa ɗan wasa ne ke bin 'yan uwa da masu hali yana haɗa kuɗin. Ga safar ƙafa mai na'ura da ake buga manyan gasanni da ita, wadda ba za ka samu a kasuwar Sabon Gari ba. Na taɓa raka yaro gasa wanda ranar ya fara sa ta, yana ta duka amma allon maki bai ƙirga ba.

Shawarata, wadda kana iya ƙi: kada ka saki reshe ka kama ganye. Kai da ke Zariya ma ka yi sa'a. In ka samu gurbi a ABU, akwai gasar jami'o'i ta NUGA, ka yi karatu ka yi wasa. In karatun bai karɓe ka ba, soja da 'yan sanda da sauran masu kaki suna da 'yan wasansu, albashi na shiga ko gwiwa ta goce. Kuma gwiwa tana gocewa. In shagon ne, ku yi yarjejeniya da Baba: asuba da bayan la'asar naka, tsakiyar rana nasa. Ka ba kanka shekara biyu a haka. In an kira ka sansani, ka dawo mu sake zama. Mai yiwuwa a lokacin in ce ka saki komai. Mai yiwuwa.

Me ya sa ba a damu da wasanninku kamar ƙwallo ba?

Wa ye "a" ɗin? Ku ne. Kuna biyan kuɗi a gidan kallo ku ga Turawa, mu kuwa muna gasa kyauta kujeru wayam. Dubi dambe: 'yan kallo da makaɗa da masu kari suka riƙe shi har bidiyonsa ya zagaya duniya, ba wanda ya jira kasafin kuɗi. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Shugabannin makarantu su ba mu ɗakin taro awa biyu da yamma. Akwai wanda na yi wa sintiri zango guda, ƙarshe ya ce kada mu fasa masa tagogi. Masu hali kuma su ɗauki nauyin motar yara zuwa Kaduna ranar gasa, kilomita 80 ce fa.

Me zan zo da shi ranar farko?

Wando mai yalwa, gorar ruwa, da izinin iyaye. Ka yanke farcen ƙafa.