Kogwannin Amboni da Gaɓar Tekun Tanga

Tanga gari ne mai tashar jiragen ruwa a arewa maso gabashin Tanzaniya, a bakin Tekun Indiya, ba nisa da iyakar Kenya. Sunansa bai kai na Zanzibar fita ba a harkar yawon buɗe ido, amma a kewayensa akwai kogwannin dutse da maɓuɓɓugar ruwan zafi da tsoffin kufai da rairayin bakin teku, kuma mafi yawansu ana iya zuwa a dawo a yini guda.

Abin da ya fi jan baƙi shi ne kogwannin Amboni, kimanin kilomita 8 arewa da gari, a gefen hanyar Mombasa, kusa da rafin Mkulumuzi. Dutsen farar ƙasa ne da ya samu shekaru wajen miliyan 150 da suka wuce, lokacin da yankin ke ƙarƙashin teku. Ruwan sama da ke tsatsowa ta tsagogin dutsen shi ya yi ta cin sa sannu a hankali har ya rarake shi, ya bar ɗakuna da lunguna. Ɗigon ruwan kuma yana barin gishirin dutse, wanda ke taruwa ya zama tsinke mai reto daga rufi ko turke mai tasowa daga ƙasa. Kogwanni goma aka ƙidaya, amma ɗaya ake zagayawa da baƙi. Kamfanin Amboni, mai gonakin sisal da ake igiya da zarensa, ya mallaki filin a 1892. Turawan mulkin Ingila suka ayyana wurin a matsayin abin kiyayewa a 1922, sannan a 1963 ya koma hannun sashen kula da kayan tarihi na gwamnati.

Ba a shiga sai da ɗan jagora da tocila. Wani wurin rufin ya yi sama har hasken ba ya kai masa, wani wurin kuwa sai mutum ya duƙa ya bi a kaikaice, kafaɗa na gogar bango mai danshi. Jagora zai haska wani dutse ya ce taswirar Afirka ce, wani kan zaki, wani jirgin ruwa; kamannin wasu a fili yake, wasu kuma sai an taimaka da zuci. Warin kashin jemagu ya cika wurin. Da Suwahili ana ce musu popo, kuma da faɗuwar rana sukan fito daga bakin kogon tuli guda, abin da ya cancanci a jira.

Sai dai Amboni ba wurin kallo kaɗai ba ne, kuma nan ne baƙo ya kamata ya natsu. Tun kafin zuwan Turawa, al'ummun Digo da Segeju da Bondei da Sambaa suna zuwa neman biyan buƙata. Akwai wani ɗaki da ake kira Mzimu wa Mabavu, inda har yanzu ake tarar da kwalaben turare da mai da masu neman haihuwa ko waraka suka ajiye. Ba ado ba ne da aka jera don 'yan kallo, kuma taɓa su rashin ladabi ne. Jagororin sukan kuma ba da labarin Osale Otango da Paulo Hamisi, waɗanda suka ɓuya a kogwannin a shekarun 1950 lokacin da 'yan mulkin mallaka ke nemansu ruwa a jallo.

Gaba kaɗan akwai maɓuɓɓugar Galanos, mai ruwan ɗumi da warin farar wuta, wadda ta ci sunan wani Bagirike manomin sisal.

Shi kansa garin Tanga ba shi da yalwar rairayi, domin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri sun rufe yawancin gaɓarsa. Mai son yashi sai ya nufi kudu. A kilomita 17 zai iske kufan Tongoni, ragowar masallaci da kaburbura masu dogayen ginshiƙai na ƙarni na 14 zuwa 15, tsaye a tsakanin kukoki. Kusa da nan ne ɗaya daga jiragen ruwan Vasco da Gama, matafiyin teku ɗan ƙasar Fotugal, ya kafe a 1498. A wajen kilomita 50 kuma sai Pangani, tsohon garin Suwahilawa a bakin kogi, inda ake haye ruwa da jirgin fito zuwa Ushongo, doguwar gaɓa mai farin yashi da inuwar kwakwa.

Daga Ushongo ake ɗaukar kwalekwale zuwa Maziwe, wanda aka killace tun 1975. A da tsibiri ne mai itatuwa. Itatuwan sun ƙare, yanzu tudun yashi ne tsirara da ke bayyana idan teku ta janye, ya nutse idan ta ciko. Don haka ba agogon baƙo ke tsara tafiyar ba, lokacin ruwa ne. Kunkurun teku na zuwa yin ƙwai a kansa, kuma da yake ruwa na shafe ramukan, masu aikin kiyayewa sukan kwashe ƙwan su binne a gaɓar Ushongo har ya ƙyanƙyashe.

Babbar damina tana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da hanyoyin ƙasa ke caɓewa. Daga Yuni zuwa Oktoba zafi na sassautawa, kuma a lokacin ne tafiya ta fi sauƙi.