Waiwaye: Yadda zaɓen fidda gwani na 2022 ya tsaga PDP

Rikicin da ya ci PDP a zaɓen 2023 ya samo asali tun Oktoban 2018, a Fatakwal. A can ne Gwamna Nyesom Wike na jihar Ribas ya tsaya kai da fata sai Aminu Waziri Tambuwal ya samu tikitin takarar shugaban ƙasa. Atiku Abubakar ya lashe da ƙuri'u 1,532, Tambuwal ya zo na biyu da 693. Wike bai manta ɗawainiyar da ya yi ba.

Da 2022 ta kama, maganar karɓa-karɓa ta taso. Buhari na dab da cika shekara takwas, gwamnonin kudu sun dage mulki ya koma yankinsu. PDP ta kafa kwamiti ƙarƙashin Samuel Ortom, daga bisani ta ce ƙofa a buɗe take, kowa ya nema. A ganina nan aka fara ɓarin, domin shugaban jam'iyyar, Iyorchia Ayu, shi ma daga arewa yake. Kwankwaso ya riga ya koma NNPP tun Maris, Peter Obi kuma ya fice ana saura kwanaki a yi zaɓen fidda gwani.

Daren 28 ga Mayu, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, 'yan takara sun gama jawabansu, daliget na shirin jefa ƙuri'a, sai Tambuwal ya sake hawa dandamali. Ya ce ya janye, magoya bayansa su zaɓi Atiku. Atiku ya samu 371, Wike 237. Mutumin da Wike ya yi wa yaƙi shekara huɗu baya, shi ya kayar da shi. Sai kuma ga bidiyon Ayu yana rungumar Tambuwal yana kiransa gwarzon taron, kamar alƙalin wasa ya shiga murnar ƙwallo. Wannan ya fi ƙuri'un zafi.

Duk da haka akwai damar ɗinke ɓarakar. A watan Yuni Atiku ya ɗauki Ifeanyi Okowa mataimaki, ya tsallake Wike. Ɓangaren Wike ya kafa sharaɗi guda: Ayu ya sauka, ɗan kudu ya hau. Walid Jibrin ya ajiye shugabancin kwamitin amintattu don a samu sulhu, amma Ayu ya ƙi motsi. Haka gwamnoni biyar, Wike, Makinde, Ortom, Ugwuanyi da Ikpeazu, suka janye jiki daga yaƙin neman zaɓe.

A Fabrairun 2023 Tinubu ya samu ƙuri'u kusan miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7. Obi da Kwankwaso, waɗanda duk suna PDP a 2019, sun kwashi sama da miliyan 7.5 a tsakaninsu. Kujerar da aka ƙi saki saboda sulhu, kotu ce ta raba Ayu da ita a Maris, bayan an riga an faɗi. Wike ya zama ministan Abuja a gwamnatin APC, Atiku kuma ya bar PDP a Yulin 2025.