Waiwaye: Yadda mil da kilomita suka haɗu a kan keke ɗaya a Zariya

Duk inda masu hawan keke suka tsaya shan iska a Zariya, ko a Kwangila ne ko a bakin titin Samaru, da wuya a tashi ba a taɓo gardamar mil da kilomita ba. Dattijon da ya girma a kan keken Raleigh zai ce daga Zariya zuwa Kaduna mil hamsin ne, saurayin da ya ɗaura waya a kan kekensa kuma ya ce, "Baba, ai kilomita tamanin ne." Kusan nisa ɗaya suke faɗa, domin mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, shi ya sa gardamar ke ƙarewa da raha. Amma tana da tushe mai nisa, kuma akwai inda take daina zama wasa.

Kafin zuwan Turawa, mutanen ƙasar Zazzau da jikinsu suke awo. Masaƙi yana auna sawaye da kamu, mai haƙar rijiya yana ƙirga zurfi da gaba, manomi yana bin iyakar gona da taki, fatake kuwa suna lissafin tafiya da zango da kwana. Mil ya shigo ne tare da mulkin Ingila, musamman bayan da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka kuma shiga dasa duwatsun mil a gefen hanyoyin mota. A can Ingila an tsayar da tsawon mil a kan ƙafa 5,280 tun 1593, zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya. Awon ya zauna a bakin mutane har ya zama sunan gari, kamar Milgoma da ke kusa da Shika a kan hanyar Funtuwa, da Miltara a Kano.

A zamanin mulkin Ingila ne keke ya bazu, kuma da awon masu shi ya zo. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham ya mamaye kasuwa, har keken ya zama abin alfaharin malamin makaranta da malamin gona da ango. Tayarsa inci 28 ce, notinansa da sifanarsa na inci ne, don haka duk mai gyaran da ya koyi sana'a a Tudun Wada ko Sabon Gari da inci ya buɗe ido.

Shi kuwa mita a Faransa aka haife shi, a shekarun juyin juya hali na 1790, lokacin da masana suka so awon da bai dogara da ƙafar wani sarki ba. Sai suka ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu, suka kasa shi gida miliyan goma, suka kira kashi ɗaya mita. Ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a 1875. Abin da masu kare mil ba su cika sani ba shi ne, tun 1959 Ingila da Amurka da wasu ƙasashen da ke amfani da Ingilishi suka amince cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne daidai, wato shi kansa mil da mita ake tantance shi yanzu.

Najeriya ta juya ne a zamanin Janar Yakubu Gowon, cikin jerin sauye-sauyen da suka zo kusa da juna: an canja hannun tuƙi zuwa dama a watan Afrilun 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a Janairun 1973, sannan dokar awo da ma'auni ta 1974 ta ɗora ƙasar a kan mita da kilo da lita. Allunan hanya suka koma kilomita, makarantu suka bi. Sai dai doka ba ta shiga kasuwa gaba ɗaya ba, domin har gobe da yadi ake yankan shadda, fuloti kuma ƙafa hamsin da ɗari ne a bakin dillali.

Gardamar ta sake samun rai da shigowar kekunan gwanjo na tsere da na hawan dutse daga Turai da Amurka, da kuma manhajojin waya na lissafin tafiya irin su Strava masu bari mutum ya zaɓi awon da yake so. A Amurka da Ingila tafiyar mil 100 a yini guda ita ce abin tinƙaho, kimanin kilomita 161 ke nan, yayin da wasu ke bikin cika kilomita 100, wanda kimanin mil 62 ne kawai. Mai son mil yana cewa ɗarinsa ta fi nauyi, mai son kilomita kuma yana nuna cewa gasar tseren keke ta Tour de France da tarihin gudun awa ɗaya, wanda Filippo Ganna na Italiya ya kai kilomita 56.792 a 2022, duk da kilomita ake rubuta su. A ganina, a batun nisa maganar ta riga ta ƙare, tunda allon hanya da taswira da littafin makaranta a ƙasar nan harshe ɗaya suke yi, kuma bai kamata mahaya su riƙa shirya tafiya da awon da ba za su gani a titi ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne rumfar mai gyara, domin keken da kansa ya ƙi zaɓar ɓangare. Tazarar haƙoran sarƙa rabin inci ce a kusan kowane keke a duniya, kaurin ƙarfen da ake murɗa feda da shi kashi 9 cikin 16 na inci ne a yawancinsu, ƙwayoyin boris ma da inci ake sayar da su, alhali notinan keken zamani na milimita ne. Idan aka sa sifanar milimita a notin tsohon Raleigh, za ta zame ta cinye kusurwoyinsa, daga nan sai kurfi da guduma. Taya ta fi rikitarwa. Inci 28 na tsohon Raleigh yana hawa rim mai faɗin milimita 635 idan an auna da'irarsa daga gefe zuwa gefe, amma akwai wata tayar da ita ma ake kira inci 28 a Turai wadda rim ɗinta 622 ne, wato ta fi ta inci 27 mai 630 ƙanƙanta. Mutum zai sayo taya a Sabon Gari da sunan inci 28, mai gyara ya yi ta fama da ita har gumi ya jiƙa masa riga, ko ta ƙi shiga ko ta yi sako-sako, kuɗin kuma sun riga sun tafi.

Maganin wannan yana jikin tayar. Masu ƙera taya sun daɗe da amincewa da lamba biyu ta milimita da ake bugawa a gefenta, kamar 40-635 ko 37-622, ta farko faɗin taya, ta biyu faɗin rim. Wanda zai sayi sabuwa ya duba lamba ta biyu a tsohuwar tayarsa, ya tabbatar ta yi daidai da ta sabuwar kafin ya biya, ko da mai shago ya rantse masa cewa incin ɗaya ne.